Gaisuwa Ta Uku

Matar da ta kawo ƙorafi kan mitar ruwanta ta sake rubutowa bayan minti biyu: “Mene ne hk2? Ni za ku mayar abin wasa?”

Sauri ya duba abin da ya tura mata. Maimakon sakin layi na ban haƙuri, haruffa biyu ne da lamba ɗaya. Ya sake buga hk2, ya danna maɓallin tazara, ya jira. Haruffan suka tsaya yadda ya buga su.

Shekara uku ke nan yana amsa ƙorafin jama'a a kamfanin ruwa, kuma ba don komai ake kiransa Sauri ba sai don wata manhaja da ya saka a kwamfutarsa. In ya buga gajerar alama, sai ta shimfiɗa masa cikakken rubutun da ya ajiye tun da daɗewa. Abokan aikinsa kan amsa saƙo arba'in a yini, shi ɗari da ashirin. Ko allon ba ya kallo.

Yana cikin ba matar haƙuri da hannunsa, harafi bayan harafi, sai ya tuna da saƙon farko na safiya. Kullum ƙarfe takwas da minti biyar yakan gaida mahaifinsa daga wannan kwamfutar. Ciwon suga ya ci idanun tsohon, don haka ƙanwar Sauri ce take karanta masa. Ya buɗe shafin hirar. Saƙon yana nan, da alamar an karanta: bb3.

Ya cire caja, ya rungumi kwamfutar, ya sauka ƙasa.

Ɗakin Injiniya, matar da ke gyara musu kwamfutoci, ba shi da taga. Kujeru biyu ne, da kwali cike da wayoyin caja da suka sarƙe, da babban allo a bango. Ba ta ɗago ba lokacin da ya shiga.

“Ka kashe ka kunna?”

“Sau biyu.”

“Ko'ina ba ta yi, ko a waje ɗaya ne?”

“Ko'ina.”

“To ba kai kaɗai ba ne.” Ta jawo kwamfutar, ta haɗa ta da babban allon. “Jiya aka sabunta kwamfutocin ofis. Sabuntawar ta ƙwace mata izinin ganin abin da kake bugawa. Manhajar tana nan da ranta, makancewa ta yi.”



Ta shiga saituna, ta mayar da izinin, ta buga hk2. Sakin layin ya zubo gaba ɗaya. Ta buga hk5, sai ya fito da rabi, ya haɗiye harafin farko.

“Ka gani? Wannan kuma gyaran rubutu na kwamfutar ne yake kokawa da ita. Zan kashe shi. Bari in duba jerin naka, ko akwai alamomin da suka yi karo da juna.”

“Ba sai kin duba ba, Injiniya. Zan—”

Ƙofa ta buɗe, Manaja ya shigo da kofin shayi a hannu.

“Yawwa, ga gwanin namu. Injiniya, dama ina so in ce miki a kwafi jerin nan nasa a raba wa kowa. Na gaji da masu rubutu da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar hatsi.”

Jerin ya riga ya hau bango. Kowace alama da rubutunta, da ranar da aka taɓa ta na ƙarshe, da adadin sau nawa aka yi amfani da ita. Injiniya tana gangarawa, Manaja yana karantawa da ƙarfi yana jinjina kai. Ban haƙuri kala shida. Godiya kala uku. Sai suka iso wani rukuni mai suna Gida.

“Bb1,” in ji Manaja. “‘Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki? Kana raina kullum.’ Sau ɗari biyu da uku.” Ya yi dariya. “Kai, Sauri! A ba ni wannan, surukata ta dame ni. Bb3: ‘Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ina nan tafe ƙarshen mako.’ Ɗari da tamanin da...”

Bai ƙarasa lambar ba. Ya kurɓi shayi, ya dubi agogonsa, ya ce yana da taro. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Na aikin kawai za a kwafa.”

Saƙonnin rukunin Gida guda huɗu ne. Ranar da aka gyara su na ƙarshe ta wuce shekara biyu. Injiniya ta zare wayar da ta haɗa kwamfutar da bango, allon ya yi baƙi.

“Babu karo,” ta ce. “Komai yana aiki. In an sake sabuntawa, ka fara duba izini kafin ka tura wa kowa komai.” Ta miƙa masa kwamfutar. “Ya jikin nasa?”

“Da sauƙi,” in ji Sauri. Sai ya gane cewa bai sani ba.

Yana kan matakala wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce.

“Yaya, na je karɓo magani, mai jinya ne ya karanta masa. Ya ce masa bi, bi, uku. Tun ɗazu Baba yake tambayata ko wani abu ne ya same ka.”

“Kwamfutar ce ta samu matsala.”

“Na sani. Saƙonnin naka guda huɗu ne, ko? Tun bara na haddace su.”

Ya tsaya, ya dafa ƙarfen matakalar.

“Kin faɗa masa?”

“In faɗa masa me? Mutumin da ba ya karya kumallo sai ya ji saƙonka? Ni nake ƙara masa. Ran nan na ce ruwa ya tare ka a hanya. Makon jiya na ce gwiwarka ta dame ka, shi ya sa ba ka zo ba. Ƙaryata ta ƙare, Yaya. Wannan kai za ka yi masa bayani.”

Ta kashe.

Ya koma kujerarsa, ya amsa ƙorafi sittin da yatsun da suka san hanyarsu. Ƙarfe uku ya nemi izinin fita. Manaja ya sa hannu bai tambayi dalili ba, kuma bai kalle shi ba.

Tafiyar minti arba'in ce a bas. Rabonsa da yin ta wata biyar.

An sake tsarin ɗakin. An matsar da gadon kusa da taga, an ɗaura igiya daga ƙafar gadon zuwa ƙofar banɗaki don tsohon ya riƙa bi. Sauri bai san da igiyar ba. Baba yana zaune, rediyo a cinyarsa, ya rame fiye da yadda yake a hoton da ke kan shafin hirarsu.

“Wane ne? Takun nan ba na mai jinya ba ne.”

“Ni ne, Baba.”

“Kai? Yau ba Talata ba ce? Ai kai mutumin ƙarshen mako ne.” Ya miƙo hannu, ya lalubo kafaɗarsa, ya gangara har gwiwa. “Wacce ce mai ciwon?”

Ƙanwar tana tsaye a bakin ƙofa da ledar magani. Ba ta taimake shi da ko ƙifta ido ba.

“Ta warke,” in ji Sauri.

“Madalla.” Baba ya lalubo wayarsa a ƙarƙashin matashi, ya miƙa masa. “Yaron nan mai jinya bai iya karatu ba. Ƙanwarka in ta karanta, saƙonka har da labari a ciki. Tunda ga ka, karanta min na jiya da bakinka.”

Sauri ya karɓa, ya ja shafin sama. Na ɗaya, na huɗu, na biyu, na ɗaya. Ya ci gaba da ja, watanni suna wucewa a ƙarƙashin babban yatsansa, layi huɗun nan suna zagayowa. A ƙarƙashin kowanne akwai amsar murya daga Baba, wata daƙiƙa ashirin, wata minti guda. Kowacce tana ɗauke da ɗigon da ke nuna ba a saurare ta ba.

Ya kife wayar a kan gado.

“Baba, akwai wata manhaja a kwamfutata. In na buga haruffa biyu da lamba...”

“Wannan ba na jiya ba ne.”

“A'a. Na yau ne.”

 Tsohon ya lalubi rediyon, ya kashe shi.

“Ke, ba shi kujera,” ya ce. “Wannan da alama mai tsawo ne.”