Jelar Rigar Orval

A bukkar farautarsu da ke kan tudun Gundumar Potter, doka ɗaya ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: wanda ya harbi barewa ya kuskure, a yanke masa jelar riga da almakashi, a kafe ta a bango da ƙusa, a rubuta sunansa. Orval Stoltz yana da goma sha ɗaya a jere. Har cewa abokan suke barewa ba ta da mafakar da ta fi gaban bindigarsa.

Da gangan yake yi. Shekarar da matarsa Loretta ta rasu, naman da ya kawo ya shekara biyu a firiza babu mai ci, har ya kwashe ya zubar. Daga nan kisan ya fita daga ransa. Ya ga ba yunwa ke kai shi dawa ba, ƙaho ne da cika baki. Amma ya kasa faɗa, don wanda ba ya harbi ba shi da abin yi a bukkar, kuma makon nan na ƙarshen Nuwamba shi ne kaɗai lokacin da yake cin abinci da mutane. Sai ya riƙa neman kututture kusa da barewa ya ɗirka masa harsashi, ya dawo a yi masa dariya. Dariyar yake so.

Da su shida ne. Huɗu sun mutu, Delbert Kunkle kuma yana gidan tsofaffi a cikin gari, ƙafafu sun ƙi. Ana gobe za a buɗe farauta Delbert ya bugo waya.

"Ka sa tsohuwar riga, makaho. Na sa mai ba mu magani ta aro mini almakashi. In ka sauko ka biyo in yi aikina."

"Da wane hannun? Cokali ma gagararka yake yi."

"Kai dai kawo rigar."

Da safe Orval ya dafa kofi a tukunyar mutum shida, ya sha kofi ɗaya, ya fita cikin dusar ƙanƙara. Da ya so, da ya harba sama a ƙofar bukka ya huta, wa zai sani? Amma yana da irin gaskiyar nan ta tsofaffi mai ban haushi: in babu barewa a gaba, babu kuskure, kuma ba zai kai wa Delbert rigar ƙarya ba.

Da hantsi wani namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa, ƙahonsa mai rassa takwas. Akwai kututture taki ɗaya a gaban dabbar. Orval ya saita kututturen, ya ja kunamar bindiga, dabbar kuwa ta zaɓi wannan lokacin ta yi gaba.

Namijin barewar bai yi tsallen gudu ba. Ya ƙanƙame baya, ya shige kurmi a hankali. Da Orval ya isa wurin ya tarar da baƙin jini haɗe da ɗanyar ciyawar tumbi. A ciki harsashin ya same shi, inda mutuwa ke ɗaukar wuni.

Ya bi sawun, shekara saba'in da huɗu a kan gwiwoyinsa. Sau biyu yana tarar da inda dabbar ta kwanta, ƙanƙara ta narke ta yi ja, ta ji motsinsa ta sake tashi. Babu wanda zai tare masa gaba kamar da, babu wanda zai ce masa komai. Kunya ta ishe shi. Ba don nama ya yi wannan ba, ba ma don ƙaho ba, don a yi masa tsiya ne na minti biyar.

Da la'asar ya same shi kwance a bakin rafi, kai a ɗage, yana kallonsa. Wannan karon ya saita inda ya kamata. Ya farke cikin, ya ɗaura igiya, yana ja taki goma yana hutawa har bakin hanya.

Washegari ya tarar da Delbert a kan keken guragu a bakin taga, almakashi a cinya. Ta tagar ana hango ƙahon a bayan a-kori-kurar Orval. Delbert ya daɗe yana kallo.

"Ya aka yi, mutumina? Kututturen ne ya goce?"

Orval ya tsaya da hula a hannu.

"Tun shekara ta biyu muka gane," in ji Delbert. "Kai da ke huda murfin gwangwani daga taki ɗari biyu?"

"Me ya hana ku magana?"

"Da mun yi, da ka daina zuwa."

Orval ya zaro jelar rigar daga wando, ya juya masa baya, ya tsaya. Ya ji almakashin ya buɗe, ya ji an ajiye shi a kan tebur.

"Doka doka ce, Orval. Ka samu."

Ya mayar da rigar cikin wando lafiya lau. A gida ya jona firizar da ya kashe tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce.