Saƙonnin Inna

"Kawo nan, Anti, aikin minti biyu ne," in ji Injiniya. Kafin Auta ta ce uffan ya zare wayar daga hannunta, ya ɗare kan teburin yankan yadi ya zauna, ƙafa ɗaya na lilo.

Ba fa injiniya ba ne. Ƙanin mijinta ne, fenti yake sayarwa a shagon da ke kallon nata. Tun ranar da ya gyara wa wani maƙwabci rimot ɗin talabijin sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa musawa ba. Duk labarin da ya fito a kan waya ko kwamfuta, daga bakinsa mutanen layin ke fara ji, da ƙarin gishiri. Yau ya ce an ƙera na'urar da za ta kori likitoci daga asibiti, gobe ya rantse cewa intanet ɗin ma gaba ɗaya saura wata uku ta mutu. Ba a taɓa kama shi da cewa bai sani ba.

Laifin Auta ɗaya ne, ta yi ƙorafi a gabansa. Wayar ta cika, ta ƙi ɗaukar hoton rigar da ta gama, ga mai rigar tana jiran gani.

"Ka bi a hankali," ta ce. "Akwai saƙonnin Inna a ciki."

"Haba Anti, a wane zamani kike? Yanzu wa ke ajiye abu a cikin waya? Komai yana can sama, a gajimare. Ko a rijiya kika jefa wayar nan, kayanki na nan lafiya lau. Wanke ta zan yi tas, ta koma yadda ta fito daga kamfani, sai mu sauko da komai."

Ta so ta ƙara magana, amma akwai kalmasar hannun riga biyu da ke jiran ta, sai ta koma kan keken ɗinki.

Shekararta arba'in da biyu, da 'ya'ya huɗu, amma har yanzu Auta ake kiran ta, don haka Inna ke kiran ta. Inna ba ta karatu, ba ta rubutu. Da aka saya mata waya, abu ɗaya ta koya: ta danne alamar nan ta yi magana ta saki. Shekara uku tana yi, tana gida Auta na shago. "Auta, kin ci abinci kuwa?" "Auta, hadari ya haɗo, kin bar shanya a waje." Akwai wanda ta manta ba ta kashe ba, minti shida cur ba a jin komai sai ƙarar tsintsiya da ita tana faɗa da kaji. Wata takwas ke nan da rasuwarta, kuma babu ranar da Auta ba ta maƙala abin ji a kunne ta saurari biyu ko uku tana ɗinki. Sun fi ɗari uku, ta san su kamar yadda ta san awon tsofaffin kwastomominta.

Ƙafar Injiniya ce ta fara daina lilo. Auta ta lura, ta tsai da keke.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Sabis ne ke wasa."

Ta miƙe ta leƙa. Wayar ta yi fes, sai ka ce ba a taɓa taɓa ta ba. Manhajar hira a buɗe, fara fat, da ɗan rubutu a tsakiya. Ta karanta sau biyu: ba a sami wani abu da aka adana ba.

"Ina gajimaren?" ta ce.

Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya danna nan, ya danna can. "Ai ke ce ba ki kunna ajiyar gajimaren ba. Wa ke barin waya babu ajiya? Wannan sakaci ne, Anti."

A nan ta tuna. Bara, a kan teburin nan, a daidai inda yake zaune, ya zo da zafinsa ya ce labari ya fito, kamfanoni na kwashe muryoyin mutane da hotunansu suna sayarwa. Ya bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya yana ceton jama'a. Da babban yatsansa ya kashe mata ajiyar, har ta yi masa godiya.

"Kai ka kashe ta," ta ce. "Bara. Ka ce ana sace mu."

"Ni?" Ya sosa ƙeya. "To ai a lokacin haka labarin yake."

Ba ta zage shi ba. Da zagin ya fito da ta ji sauƙi. Ta karɓi wayarta, ta rufe keke da ƙyalle, ta bar rigar mutane a kan kujera babu guga, ta ja ƙofar shago.

A cikin bas ɗin da ke zuwa kasuwar wayoyi, rediyon direba na ba da labarin motar da ke tuƙa kanta. Nan take bas ɗin ta kaure da musu. Wani mai jakar takardu ya ce nan da shekara biyar direbobi sai dai su koma gona. Direba ya ce a kawo ta, yana so ya ga yadda kwamfuta za ta yi da ramin da ke gaban gidan mai. Wata mai goyo ta ce ita dai tun da waya ta shigo gidanta ba ta ƙara ganin ƙwayar idon mijinta ba. Aka kwashe da dariya. Dattijon da ke kusa da Auta ya ga yadda ta rungume waya, ya tambaya, ita kuma don zuciya ta cika sai ta faɗa masa a taƙaice.

"Kwantar da hankalinki," ya ce. "Ba abin da ke ɓacewa a intanet. Ɗana ya gaya min."

Na baya ya ce ƙarya ne, komai gogewa suke yi. Na gefensa ya ce suna ajiyewa, sai dai ba don kai ba. Har ta sauka suna musu, sun ma manta da mai maganar.

Mai gyaran da aka nuna mata yana can ƙuryar bene na biyu, bayan wani gilashi cike da matattun wayoyi. Mutum ne marar yawan magana, wannan kaɗai ya sa ta ji ta yarda da shi. Ya jona wayar da kwamfutarsa, ya ba ta kujera. Kusan awa guda tana kallon wani koren layi yana rarrafe. Da ya kai ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido.

"Hajiya, ba zan cuce ki ba. Da tsohuwar waya ce da na tono wani abu. Waɗannan na yanzu, in aka wanke su sun wanku. Duk wanda ya ce miki zai dawo da su a kasuwar nan, wahalar da ke zai yi."

"Ko guda ɗaya?"

"Ko rabi." Ya miƙo mata wayar. "Amma saƙo bakinsa biyu ne. Ina wayar marigayiyar?"

"Yayana ya ba direbansa bayan rasuwar. An goge komai, an sa wani layi."

"Ba ta tura wa kowa sai ke?"

Sai Auta ta tuna. Lamba biyu Inna ta sani a duniya, tata da ta Yaya.

Ofishin Yaya yana hawa na huɗu, sanyinsa har cikin ƙashi. Sai da ta yi minti arba'in a gaban sakatariya kafin aka ce ta shiga. Shi ne ɗan fari. Sau biyu a shekara yake zuwa gaida Inna, da ledar 'ya'yan itace, ya zauna rabin awa yana duba agogo, in ya tafi Inna ta yi sati tana ba da labarin zuwansa. Shekara huɗun da ciwon suga da hawan jini suka kama ta kuwa, a ɗakin Auta ta yi su. Auta ce mai allura da safe, mai wankin zanen gado, mai bin layin asibiti, mai ɓoye gwangwanin sukari a saman kabad. Ba ta taɓa yi wa kowa gori ba, amma abin yana ranta, ƙarya ne a ce ba ya nan.

Ya saurare ta yana jujjuya biro.

"Matsalar mutanenmu ke nan," ya ce. "Mun iya sayen waya, ba mu iya amfani da ita ba. Jiya ma na karanta wani rahoto a kan haka."

"Yaya, ba rahoto na zo ji ba. Inna tana turo maka saƙo?"

"Sosai ma. Ai ni ban taɓa goge komai ba."

Ya nemo hirar, ya juyo mata da fuskar wayar yana ɗan alfahari. Saƙonni ne jere, ya ja sama, ya ja, ba su ƙare ba. Auta ta matso kusa. Sai kuma ta lura da ƙaramar kibiyar da ke jikin kowanne. Ba a taɓa sauke su ba, balle a saurara.

"Ba ka ji su ba?"

"Kin san yanayin aikina. Nakan ce sai na sami natsuwa."

Ya danna na farko. Da'ira ta juya, ta juya, rubutu ya fito: wannan saƙon babu shi yanzu, a nemi wanda ya turo ya sake turowa. Ya danna na biyu, haka. Na uku, haka. Ya ci gaba da dannawa da sauri, kunnuwansa na zafi, wayar na ta ba shi shawarar ya nemi Inna ta sake turowa. Auta ta ƙirga har ashirin da bakwai ta daina.

Can ƙasa, kusa da ƙarshe, akwai ɗaya da ba shi da kibiya. Ko ta yaya ya sauka da kansa, Allah kaɗai ya sani. Daƙiƙa arba'in da ɗaya.

"Yauwa!" Yaya ya ce, kamar shi ya ƙera shi. Ya ƙure murya, ya ajiye wayar a tsakiyar tebur.

Aka fara jin numfashi, sai ɗan tarin nan nata. Auta ta dafe bakin tebur.

"Babana, ina gajiya? Na san aiki ya yi maka yawa, Allah ya yi maka albarka." Muryar ta yi ƙasa, irin ta mai gudun kada a ji ta daga tsakar gida. "Ka zo ka ɗauke ni daga gidan nan. An mai da ni fursuna. Ba gishiri, ba sukari, kullum allura kamar na kashe wani. Auta ba ta da tausayi, tun tana ƙarama zuciyarta a bushe take. Kai kaɗai ka san darajata. Kada ka gaya mata na faɗa, ka ji? To, sai na gan ka."

Na'urar sanyaya ɗaki ta ci gaba da hurawa. Yaya ya kasa ɗago kai. Auta ta ji abin ya soke ta a ƙahon zuciya, ya tsaya a nan. Ta gane ranar ma. Ranar da ta kama Inna da ƙullin sukari a ƙarƙashin matashi ta ƙwace, ta shiga bayi ta yi kukanta don kada a gani. Dama an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

"Ciwo ne," Yaya ya ce a hankali. "Ciwo da tsufa. Ba har ranta ba. Bari in goge shi kawai, mu manta."

Ta cafke hannunsa tun yatsan bai sauka ba. Tun suna yara ba ta taɓa riƙe shi haka ba.

"Turo min."

"Auta, me za ki yi da wannan?"

"Yaya, ka turo min."

Ya tura. Ta tsaya har sai da ta ga ya shiga, ta sauke shi a gabansa, sannan ta fita ba sallama.

La'asar ta yi lokacin da ta koma layinsu. Shagon fenti a rufe, da kwaɗo. Maƙwabciya ta ce mai riga ta zo sau biyu, ta tafi tana faɗa. Auta ta ce ta ji. Ta jona dutsen guga, ta yaye ƙyallen keke, ta zauna, ta maƙala abin ji a kunne.

Sau uku ta saurare shi daga farko har ƙarshe. A na huɗu ta gano inda sunanta yake, wajen daƙiƙa ta ashirin da biyu. Sau ɗaya tak Inna ta faɗe shi, amma ta faɗe shi yadda ta saba, da ɗan jan nan a ƙarshe. Auta ta ja ɗigon da ke kan layin saƙon zuwa wurin, da nufin ta ji sunan kaɗai ta tsayar. Sai dai layin siriri ne, yatsanta kuma ya yi kanta saboda riƙon almakashi, kafin ta danna Inna ta riga ta wuce.

"Auta ba ta da tausayi."

Ta share ido da bakin mayafi, ta mai da ɗigon baya, ta sake gwadawa.