Taɓarya a Ƙarƙashin Rufin Kamfa

Abukari ne ya ja ni cikin wannan aikin, kuma ranar Lahadi, ranar da nake miƙe ƙafa in huta. Ni Mahamudu makanike ne a wani gareji a titin Jerome Avenue da ke Bronx a Amurka, tun a Ƙofar Ruwa ta Kano nake kwance inji. Shi kuwa mutumin Kumasi ne, direban koren tasi, abokina na masallaci, kuma Allah ya zuba masa son sayen tarkace. A bazarar 2015 ya je New Jersey ya sayo tsohuwar fikof a hannun wani dattijon Bature, da ɗaki ɗaure a bayanta. Kamfa ake ce wa ɗakin. Akwai gado a ciki, da benci biyu, da ɗan murhu. Rufinsa yana rufe gindin kamar murfin kwanon samira: in za a yi tafiya a sauke shi, in an isa a buga famfo, mai ya tura fistin huɗu a kusurwa huɗu, rufin ya tashi har mutum ya miƙe tsaye.

Nasa dai yana tashi, amma ba ya zama. Kafin ka sha shayi ya dawo maka ka.

"Masta, sil ne kawai," in ji shi a waya da Hausarsu ta Kumasi. "Baturen ya ce aikin minti kaɗan ne kwaraa."

Na ce, "To me ya hana Baturen yi?"

Na dai je. Gidan da suke haya yana bayan unguwar Parkchester, hawa na ƙasa, da ɗan fili a baya inda ya faka motar. Na leƙa silinda huɗun, kowacce tana zubar da mai har ya jiƙa katakon bango. Robar sil ɗin, wadda ke hana mai yoyo, ta bushe, taɓa ta za ka yi ta farfashe. Canza ta ba wuya, ƙaramar roba ce zagayayya kamar zobe. Wuyar ita ce sai an ɗaga rufin ya wuce inda ya saba tsayawa, a zare fistin gaba ɗaya. Daga wannan lokacin babu mai, babu ƙarfe, babu abin da ke riƙe da rufin sai tokarar da ka sa. Rufin nan kuwa ƙarti huɗu ba sa ɗaga shi da daɗi, kuma in ya sauko bakinsa gogar bangon ƙasa yake yi. Duk abin da ya tarar a tsakani ya shiga uku.

Na gaya masa haka tun a waya, na ce ya tanadi katako huɗu masu kauri. Da na ƙirga, uku ne.

"Ina na huɗun?"

"Ina zuwa, Masta."

Ya shiga gida ya fito da wani dogon icce mai santsi, kansa ya baje saboda duka. Na dube shi, na dubi iccen.

"Abukari, wannan ai taɓarya ce."

"Icce ne paa. Ya fi katakon Amurka ƙarfi sau goma."

"Taɓaryar Maman Sumaya ce. Ta sani?"

"Ta tafi aiki. Tsohuwar da take kula da ita ba ta sakinta sai magariba. Kafin nan mun gama, na wanke, na mayar."

Wanda bai san Zalika matar Abukari ba zai ce magana ce ƙarama. Taɓaryar nan da turminta daga Kumasi aka yo musu su a kwantena. A duk Bronx gidajen da ake daka fufu na gaskiya ba su da yawa, sauran duk garin kwali suke tuƙawa, ita kuwa ta ce bakinta bai san wannan ba. Mace ce gajera mai ƙira, ga murya. Na ce masa ba ruwana in ta kama shi. Na gwada iccen a kan bencin dama, kusa da ƙofar baya, ya tsaya cif har rufi, ko motsi. Gaskiyarsa ce, ya fi katakon ƙarfi.

Muka ɗaga rufin da jak kusurwa bayan kusurwa, muka tokare, na buɗe famfo mai ya koma tanki. Na gama na hagu biyu lafiya lau: zare fistin, ƙwaƙule tsohuwar roba, goge ramin, shafa wa sabuwa mai, zura ta da yatsa har ta zauna. Rana ta take, zufa tana shiga mini ido, Abukari yana ta ba ni labarin yadda zai kai iyalinsa su ga gangarowar ruwan Niagara, su kwana a daji kamar Turawa. Na ce masa mutumin da ya gudo daga sauro ya zo Amurka neman sauro, sai addu'a.

A kusurwar gaba ta dama aka sami matsala. Notin da ke riƙe kan fistin ya ɓuya a wani lungu, daga waje ba na ganinsa, daga ciki hannu ba ya kai. Ina kan tsani a waje, hannuna biyu riƙe da fistin. Abukari ya durƙusa a kan benci daga ciki, ya karkata kansa ya zuro shi ta ratar da ke tsakanin bakin rufi da bango, tocila a bakinsa, sifana a hannu. Ratar da ƙyar kan ya wuce, sai da kunnensa ya goge. Wuyansa yana kwance a kan bakin bango, rufin yana samansa. Raina bai so ba. Na ce ya yi sauri ya fitar mini da kan nan daga wurin.

Sai na ji ƙarar ƙofar gida, na ji muryar mace.

"Ei! Baban Sumaya! Ina taɓaryata?"

Ashe 'yar tsohuwar ce ta zo ta ɗauki uwarta, aka sallami Zalika tun azahar. Ta shigo ta ƙofar gaba ba mu ji ba, ta fere rogo da agade, ta dafa, ta sauke, ta jawo turmi. Dafaffen rogo kuwa ba ya jira, yana hucewa ya yi gudaji, aikin ya lalace. Ta duba bayan ƙofa ba taɓarya.

Idon Abukari ya fito. Ya yi wani gurnani, tocila ta cika masa baki. Ya ja kansa baya da gaggawa, haɓarsa ta maƙale a bakin bango, don ya manta da karkace ya shigo da shi.

Ta tagar kamfar na hango ta ta hau matakala ta shigo. Ta ga taɓaryarta a tsaye, baƙin mai ya yi mata zane tun daga sama, shaidar yatsunmu ko'ina.

"La'ilaha illallahu! Abin da nake daka abincin da kake ci? Shi ka sa wa baƙin mai?"

Na ƙwalla ihu. "Maman Sumaya, kar ki taɓa! Kar ki taɓa iccen nan!"

Ina! Muryarta ta danne tawa. Abin da ya shiga kunnenta kawai shi ne abokin mijinta yana kare masa.

"Kai ma Masta da girmanka? Ku biyu ba wanda ya san wannan na abinci ne?"

Ta kama ta ja, iccen bai motsa ba, nauyi yana kansa. Na ce alhamdu lillahi a raina. Sai na ga ta tattare zani ta haye kan bencin. Ta rungume taɓaryar, ta kafa ƙafa, ta murɗa ta da ƙarfin matar da ta shekara talatin tana daka.

"Mijinki! Wuyan mijinki!"

Kalmar tana fita daga bakina, taɓaryar tana fita daga wurinta.

Ƙarar da rufin ya yi har yau tana kunnena. Kusurwar baya ta rufto, dukan rufin ya karkace, katakon da ke kusa da mu ya zame ya faɗi. Bakin rufi ya sauko a kan ƙeyar Abukari, tocilar ta faɗo daga bakinsa ta bugi ƙafata. Na saki fistin na tallafi rufin da hannu biyu, amma a kan tsani nake, ba ni da wurin kafa ƙafa. Na ji yana tafiya da ni ƙasa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wallahi na gama sallamawa, na ce a gabana za a datse wuyan abokina.

Sai rufin ya tsaya.

Na leƙa ta taga. Zalika tana kan benci, kusurwar rufin ta sauka a kan kafaɗarta ta dama, ta tanƙwara ta. Ƙofa tana bayanta a buɗe, taku ɗaya ta dira waje. Ta juyo da kai ta ga ƙafafun mijinta suna harbin benci, ta ga inda wuyansa yake. Na ga fuskarta a lokacin da ta gane, ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar mutum ba. Ba ta dira ba. Ta dafa gwiwa da hannun hagu, ta cije leɓe, ta miƙe da rufin. Na ji wani abu ya yi ƙas a jikinta.

"Masta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yi sauri."

Ban san yadda na sauko daga tsanin ba. Na fizgo jak na faɗa ciki da rarrafe, na dasa shi a ƙasa, na ɗora taɓaryar a kansa don ita ce kusa da hannuna, na shiga bugawa. Sandar jak tana suɓucewa, mai ya sa komai santsi. Ƙafafunta suna dab da fuskata, suna karkarwa, zufa tana ɗiga daga haɓarta a kan hannuna. Abukari ya daina harbi, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na yi ta bugawa ina kiran sunan Allah har iccen ya taɓa rufi, ya karɓi nauyin. Na rarrafa gaba na kama kan Abukari na karkata shi, na jawo shi ciki.

Ya faɗo a kan benci, ya ja wani dogon numfashi mai ƙara, ya fashe da tari. Fatar ƙeyarsa ta saluɓe, jini har cikin riga. Na ce ya motsa yatsu, ya motsa. Na ce ya motsa ƙafa, ya motsa. Na fitar da su duka biyun waje, na zaunar da shi a gindin taya, ni ma na zube a ƙasa. Maƙwabciyarsu ta bene ta leƙo tana tambaya da Turanci ko ta kira motar asibiti, na ce ta kira.

Zalika tana tsaye a kansa, ɗankwalinta ya faɗi, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Hawaye yana zuba amma bakin ya dawo.

"Kai wane irin mutum ne? Ka sa wuyanka a ƙarƙashin wannan abin? In ka mutu me zan gaya wa Sumaya? In ce ni na kashe ubanta a kan fufu?"

Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai.

"Dube ni in ina magana! Kai, kai ɗin nan..."

Ta yunƙura za ta nuna shi da yatsa, kamar yadda take yi kullum in faɗa ya yi faɗa. Hannun bai tashi ba. Ta dubi hannun, yana reto a gefenta. Ta sake yunƙurawa, ko yatsa bai motsa ba. Ta sa hannun hagu ta ɗaga shi, ta saki, ya faɗi. Ta mintsini fatar da ƙarfi har farcenta ya bar shaida.

Sannan ta juyo gare ni, murya ƙarama kamar ba tata ba.

"Masta, ba na jin hannuna."