Bakan Gizo a Jinin Adawiyya

Hajjo ta goyo jikarta Adawiyya tun daga ƙauyensu na bayan Damari har asibitin gari, yarinyar tana ta sanƙarewa. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru kake ji. Uban yarinyar kuwa a tsakar gida yake daka duwatsun zinariya, yara suna birgima cikin garin dutsen.

Lydia mai gwajin jini ta haɗa ɗigon jinin yarinyar da wani jan ruwa. Ta ce ƙwayoyin zinariya ne a ciki, ƙanana har ido ba ya ganinsu. In da gubar dalma sai su dunƙule, launin ruwan ya juya. Ta sa kwalbar a na'ura, haske ya ratsa ta, launuka suka jeru a allo.

Hajjo ta nuna allon. "Wannan fa, 'yar nan?"

"Bakan gizo ne, Iya. Na'urar tana raba haske launi-launi, mu ga wanda ruwan ya shanye. Dalma ce a jikinta. Ku kwana nan, gobe a sake ɗibar jini a fara magani."

Hajjo ba ta ji dalma ba, ba ta ji magani ba. Bakan gizo ta ji, da shanyewa. Wa bai san halin bakan gizo ba? Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, shi ya fito ya shanye ruwan, manomi ya koma gida da takaici. Abin da ya shanye hadari guda, ina ga jinin 'yar da ko yaye ba a yi mata ba? Lydia na fita kiran likita, tsohuwa ta gyara goyo ta sulale. Don ƙauna ta yi, wallahi, abin da ya fi ciwo ke nan.

Adawiyya ba ta kai Juma'a ba.

Da damina ta yi nisa, wan Adawiyya, Usama, ya fara irin sanƙarewar. Hajjo ta biyo motar gawayi da shi ta cikin daji, ba ta ko tambayi lafiyar hanya ba.

Lydia ta gane ta tun daga ƙofa.

"Iya, ina Adawiyya?"

Hajjo ta kai hannu bayanta, inda goyo yake zama, ta sauke. Sannan ta kamo yatsan Usama ta miƙa.

"Kira bakan gizon naki, 'yar nan. Ya sha iya shansa."