Ƙuri'ar Baba a Kan Kawu Wendell

Mutum bakwai ne ke zaɓen waɗanda za a rataye hotonsu a zauren gwarzayen ƙwallon zari-ruga na makarantar garinmu, kuma sai duk bakwai ɗin sun yarda. Shida sun riga sun amince da Kawu Wendell, yayan mahaifiyata, wanda shi ne mai jefa ƙwallo shekarar da muka ci kofin jiha. Ƙuri'ar Baba ce ta rage.

Ranar Lahadi da rana muna gashin nama a bayan gida, Kawu ya dubi Baba ya tayar da maganar.

"Lonnie, takardar ƙuri'a guda ta gagare ka? Ko sai na kama maka biro?"

"Gwarzo ba ya jefa wa mutuminsa ƙwallo sama a tsakiyar fili," in ji Baba. "Ko ɗan koyo ya san wannan."

"Ai ka cafe ta! Mun ci kofi ko ba mu ci ba?"

A wasan kofin, Baba ya cafe ta kam. Yana sama, hannuwa a miƙe, wani ƙato daga abokan hamayya ya soke shi da hular kwano a wuya. Tun ranar hannunsa na hagu bai sake ɗaguwa ba.

"Ka gan shi yana zuwa," in ji Baba.

"Kai dai raki gare ka, suruki. Shekara talatin kana kuka ɗaya."

Baba ya sunkuya ya ɗauki tsohuwar ƙwallon da ke cikin ciyawa.

"To cafe, gwarzo."

Ya cilla ta sama. Kawu bai yi tunani ba, ya ɗaga hannu biyu. Baba ya sa kafaɗa ya shige shi ta haƙarƙari. Na ji ƙas. Suka faɗa kan murhun gashi, garwashi ya watse, naman ya zube ƙasa. Kawu ya lalubo kwalba ya fasa wa Baba a goshi. Mama tana ihu tana jan rigar yayanta, Baba kuwa ya danne masa maƙogwaro da gwiwa, jini na ɗiga a fuskar Kawu.

"Ka gan shi ko ba ka gan shi ba?"

Kawu yana kakari ya ce, "Na gan shi. Gobe ma zan sake jefawa."

Baba ya ɗaga shi, ya shiga kicin yana ɗingishi. Na bi shi da tawul. Ya ture hannuna, ya ciro takardar daga aljihun tebur, ya zagaye "a'a" har biron ya huda ta.