Burodi Mai Gicciye Biyu

Ranar Lahadin da za a karanta littafin Senhor Aurélio, wato Malam Aurélio, a ɗakin taron ƙungiyar makaɗa, Gracinda ta rufe tanderunta da wuri, ta kankare busasshen ƙullun da ya maƙale mata a gwiwar hannu, ta yafa baƙin mayafinta na zuwa coci. Ba ta iya karatu ba, ko sunanta aka rubuta aka ajiye mata sai ta tambaya. Amma ta fito tana taku kamar da ita aka rubuta littafin, kuma kusan haka ne. Shekara biyu cur Aurélio Moutinho, akawun masana'antar bulo, ya yi yana zarya kicin ɗinta. Ya zauna kan akwatin sabulu, ya ci gasasshen kifi da burodin masara, ya yi ta tambaya yana rubutawa: bulo nawa lebura ke ɗauka a kafaɗa, me mata ke rerawa a gonakin shinkafa, wace iska ce ke hana jirgin ruwa tashi. Siriri ne mai tabarau da tarin da ba ya jin magani. Mijinta Olegário kan ce in aka ƙyale mutumin nan sai ya ƙirga gashin kyanwarsu ya sa a takarda.

Akwai abin da ya haɗa su ukun, wanda ko a gaban bango ba a faɗa. Dukansu na jam'iyyar kwaminis ne, a zamanin da kama mutum da takardarta guda ɗaya ya isa a ɗauke shi iyalinsa su yi shekaru ba su ji ɗuriyarsa ba. Aikin Gracinda a burodi yake. Kowace mace a garinmu takan yanka gicciye ɗaya a kan ƙullu kafin ta sa a wuta, don albarka. Ita kuwa sau ɗaya a wata takan yi burodi shida masu gicciye biyu, kowanne da siririn gwangwani a cikinsa, an naɗe takardun jam'iyya an cusa. Olegário ya sa su a kwandon guzurinsa, ya gangara Kogin Tejo da lodin bulo zuwa Lisbon, inda wani zai hau jirgin ya roƙi abin taɓawa, ya zaɓi masu alama. Da maƙwabta suka fara sa ido, sai ta ce alkawari ta yi wa Budurwa Maryamu tun da zazzaɓi ya ɗauke 'yarta Idalina: burodin da zai hau ruwa ta ƙara masa gicciye. Ba wanda ya sake tambaya, don ba a ja da uwar da ta binne ɗiya.

A wannan Lahadin ma da hantsi, da ruwa ya fara ja, Olegário ya tashi da shida a kwando.

Ɗakin taron ya cika har taga. Custódio mai aski ne ya karɓi karatun, saboda murya gare shi, kuma ba ya bari a manta da haka. Marubucin bai zo ba, kunya ta hana shi. Ba a yi nisa ba mutane suka fara gane juna. An canza sunaye, an sa wa garin wani suna, amma wa za a yi wa wayo? Da aka zo kan tsohon da ke tofa yawu a tafin hannun dama kafin ya gaida limamin coci, ɗaki ya kece da dariya, aka juya ga tsoho Zeferino, wanda ake kira Ti kamar yadda ake girmama manya.

"Ti Zeferino, ai kai ne! Ka shiga littafi, tsoho!"

"Ƙarya ne, ni hagu nake tofawa."

"To a gaya wa akawu ya gyara!"

Gracinda ta yi dariya har da hawaye. Daga baya aka zo kan yaran da ƙafafunsu suka tsage a rumbun shanya bulo, sai dariya ta ɗauke, wata mata ta fara shessheƙa a baya. Gracinda ta ji alfahari ya cika mata ƙirji. A kicin ɗinta aka dafa wannan magana, ga ta yau a buge, har mutanen Lisbon na karantawa.

Custódio ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ce sun zo babin wata Rosa mai gasa burodi, matar wani mai jirgi.

"Gracinda, gyara zama, taki ta zo," in ji wata.

Ta gyara kuwa, tana murmushi. Rosa tana da tabon ƙuna a wuyan hannu, aka yi shewa. Rosa tana zagin tanderu kamar mutum in ya ƙi zafi, aka ƙara shewa. Sai Custódio ya karanta cewa Rosa ta ɗauki wuƙa ta yanka gicciye a kan ƙullu, ta ɗan saurara ko akwai motsi a ƙofa, sannan ta ƙara na biyu.

Murmushin bai bar fuskarta nan take ba, ya tsaya ne kawai a wurin kamar an manta da shi. Custódio, wanda daɗin muryarsa ya ɗauke masa hankali, ya ci gaba. Ga gwangwanin. Ga takardu sirara kamar fatar albasa. Ga burodi shida, ba biyar ba, ba bakwai ba. Ga baƙon da zai hau jirgi ya roƙi abin taɓawa. Har da alkawarin da Rosa ta ce ta yi wa Budurwa saboda 'yarta da ta rasu, kalma bayan kalma, yadda Gracinda ta faɗa masa wata rana tana dariyar ƙaryar tata, hawaye na zuba.

Sai a nan mai askin ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Ya tsaya cak a tsakiyar jimla.

Ba wanda ya dube ta. Abin da ya fi kashe mata jiki ke nan. Mutum ɗari da wani abu, kowa ya samo abin kallo a ƙasa ko a rufi, har matar da ke gefenta ta janye gwiwarta a hankali. Belmiro, shugaban leburori, wanda kowa ya san kunnensa ba nasa ba ne shi kaɗai, yana ta juya hularsa a hannu.

"Custódio," ta ce, "yaushe aka fara sayar da shi a Lisbon?"

"Kwana tara ke nan, Ti Gracinda."

Ta miƙe. Aka buɗe mata hanya fiye da yadda jikinta ke bukata.

Aurélio yana haya a saman kantin magani. Ta hau benen ba sallama, ta tarar da shi a gaban tebur da hannun riga a naɗe. Ya miƙe fuska a sake, kamar ɗalibin da ke jiran sakamako.

"Yaya, sun yi dariya a wurin Ti Zeferino?"

"Olegário yana kan ruwa da shida a kwando."

Ya dube ta bai fahimta ba. Ta ga lokacin da maganar ta isa, don ya dafa tebur.

"Ba zai yiwu ba. An daina wannan hanyar tun bara."

"Wa ya ce maka?"

"Ba wanda ya ce. Kin daina maganarta, na ɗauka..."

"Kai ka daina zuwa! Da ka cika littafin aljihunka, ka ƙara taka ƙofata? Kuma ba ku ne kuka koya mana ba, kowa ya san nasa kawai, kada a tambaya, kada a faɗa? Ni ce jakar da ta faɗa maka, don na ga kana cin kifina kana tari."

"Na canza sunanki. Na canza garin."

"Ka canza suna! Ka bar min tabon hannuna, ka bar min burodina, ka bar min 'yata a kabarinta, kana cewa ka canza suna? Ko kyanwar limamin coci aka karanta wa sai ta zo ƙofata."

Ya cire tabarau. Abin da ya faɗa bayan nan da ya haɗiye shi da ya fi, amma mutumin bai iya ɓoye gaskiya ba, ciwonsa ke nan tun farko.

"Da fari na sa a cikin kwandon kifi ne. Na karanta na ji ba rai, ƙagagge ne, duk mai aikin hannu zai gane ƙarya ce. Na yi wa kaina alkawari ba zan yi wa talakawa ƙarya a rubutu ba, Gracinda, an yi musu ta isa. Sai na mayar da yadda yake."

Ta tsaya baki buɗe. Ta zo da shirin ya ce mantuwa ce, ko kuskuren masu ɗab'i. Ashe ya gani, ya auna, ya zaɓa, saboda ya fi daɗin karantawa. Da maƙiyi ne ya yi mata haka da ta san inda za ta ajiye abin a zuciyarta. Wannan kuwa mutumin da ya koya wa rabin leburorin garin rubuta sunansu ne, wanda ya sayar da kwat ɗinsa lokacin yajin aiki don a dafa wa yara miya.

"'Yan sanda ma suna karatu, Senhor Aurélio," ta ce a hankali. "Mu ne ba mu iya ba."

Ya duba agogo, ya ce in iska ta yi wa jirgin gardama zai iya riga shi isa tashar jiragen Lisbon. Ya sauka benen da gudu, ya fizgi kekensa daga jikin bango. Ta tsaya a taga tana kallonsa yana taka feda a hanyar bakin kogi, ya duƙa, bayansa na tsalle saboda tari. Ta ɗaga ido ta dubi hayaƙin masana'anta. Ya kwanta sosai, ya nufi Lisbon. Iska ce irin wadda Olegário ke yi wa kirari.

Washegari Litinin ta hura tanderu kamar kullum, don mata za su kawo ƙullunsu, kuma hannu in bai sami aiki ba zuciya ce ke biya. Sun kawo ɗin. Kowace ta ajiye tirenta a bakin ƙofa ta juya, ba hira, ba tsegumi. Ti Zeferino ne kaɗai ya leƙo, ya cire hula, ya mayar ya tafi.

Wajen ƙarfe goma ta ji an jingina keke a bango. Aurélio ya shigo, wandonsa duk laka, leɓunansa sun bushe, tabarau ya tsage gefe guda. Bai zauna ba. Ita ma ba ta ajiye dogon cebur ɗin katakon da take juya burodi da shi ba.

"Na tarar ana ɗaure igiya," ya ce. "Suna can tun safe, mutum huɗu, 'yan sandan farin kaya. Ba su taɓa bulo ba, ba su duba ƙarƙashin jirgi ba. Kwando kawai suka ce a miƙo."

"Sun doke shi?"

"A gabana dai a'a. Ɗayansu ya zauna a bakin jirgi yana ɓara burodin ɗaya bayan ɗaya. Littafin na aljihun kwat ɗinsa, na ga bangon." "Olegário ya hango ni a cikin mutane. Ya kau da kai don kada su bi idonsa."

Gracinda ta jingina da bakin tanderu har zafin ya ratsa zanenta ba ta motsa ba. Shekara ashirin da uku tana jin tsoron kogi zai cinye mata shi, ta kunna kyandir, ta yi addu'a, ta koyi karanta gajimare. Ko sau ɗaya tsoronta bai taɓa zuwa kan takarda ba.

"Za su zo nan, yau ko gobe," in ji Aurélio. "Ni ma ba zan koma ofis ba, daga yau sunana ya canza. Akwai gidan da za a ɓoye ki. Ki ɗauki mayafi kawai mu tafi."

"Burodin mutane na wuta."

"Gracinda, don Allah."

"In suka zo ba su same ni ba, a jikin wa za su nemi inda nake?"

Ya sunkuyar da kai. Ta zura cebur ta fito da burodi uku, ta jera a kan tebur, ta ƙara zurawa. Sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ban ji ƙarshen ba jiya. Mijin Rosa, mai jirgin. Me ya same shi a littafinka?"

Ya amsa a hankali.

"Ya tsira. Ya miƙa kayan, ya dawo gida da yamma, ta zuba masa miya."

Sai yanzu ta juyo ta dube shi, kallon da bai bar shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

"Ashe ka iya ƙarya," ta ce. "Shafi ɗaya ka yi ta, ka ajiye ta inda ba za ta yi wa kowa amfani ba."

Ta mayar da cebur cikin wuta, don na can ƙurya sun fara ƙonewa.