Agogon Ƙafa

"Ba zan cire mata ba, ranka ya daɗe."

Hedimasta ya sauke tabarau ya dubi Malamar Lafiya kamar yau ya fara ganinta.

"Malama, ba shawara na kira ki ba. Gobe mutanen ƙungiya za su zo su duba na'urorin. Yarinyar nan da sanda take tafiya, ita ke jan ajinki baya. Ki cire abin daga ƙugunta ki ɗaura wa wani mai buga ƙwallo, na yini ɗaya tak. Wa zai sani?"

"Ita za ta sani."

"To, ki sani malamar da ajinta ya fi yawan taku ita za a tura kwas, ita za ta riƙe shirin. Kada gobe ki zo min da kuka."

"Allah ya huci zuciyarka," ta ce, ta fito.

Shirin nan nata ne. Ita ta yi ta safa da marwa zuwa ofishin ƙungiyar lafiya har takalminta ya cinye, kafin aka ba makarantar 'yan na'urorin ƙirga taku. Yara suka raɗa musu suna agogon ƙafa. Ita ta koya musu maƙala shi a ƙugu, ita ta sa su dafa ƙirji bayan gudu su ji yadda zuciya ke godiya. Ajinta ne a gaba, har sai da Malamar Lissafi ta ce ita ma a ba nata ajin. Cikin ƙanƙanin lokaci ajin Malamar Lissafi ya wuce kowa, yaran da ko tara aka tashi sai su zauna a inuwa suna shan rake.

A ɗakin malamai ta tarar da Malamar Lissafi ta miƙe ƙafafu a kan kujera, sanye da sabon leshi, ana ta yi mata barka tun kafin a yanke hukunci. Ɗaki ɗaya suka zauna a kwaleji, kwano ɗaya suka ci. Yau ko dariyarta sai Malamar Lafiya ta ji kamar ana zuba mata barkono a ido. Har ɗankunnenta haushi ya ba ta.

"Ƙawas, zo nan," in ji Malamar Lissafi, ta ja ta bakin taga. "Wannan fuska kamar an aiko miki da mutuwa? Na ji kin yi wa tsoho tsaurin ido."

"Ke dai ki ji da leshinki. Yaushe yaranki suka zama dawakai?"

Malamar Lissafi ta ƙyalƙyale da dariya, ta rage murya. "Uwar ɗaya daga cikinsu tela ce. In an tashi sai su kai mata na'urorin, ta ɗaura a jikin abin taka keken. Tana ɗinki, abu yana ƙirgawa. Kawo na ajinki ma yau, wallahi ban hana ki ba. Mu yi kunnen doki, sai tsoho ya zaɓa."

"Keken ɗinki ne zai je kwas ɗin ke nan?"

"Kin ji ki! Boko zalla. Su turawan ƙungiya lamba suke so, mu ba su lamba. Ba dai kishi kike ba?"

"Kishi nake," ta ce. "Ƙwarai kuwa. Amma ba zan kawo ba."

Dariyar ta ɗauke. Malamar Lissafi ta gyara gyalenta ta koma kujera, ba ta sake duban inda take ba.

Da aka tashi, Auta tana jiranta a bakin ƙofa kamar kullum. Ita ce yarinyar da aka yi magana a kanta. Kafin agogon ƙafa, yayanta ke goya ta a keke, in an fita wasa kuma ita ke tsaron jakunkuna. Tun da aka maƙala mata abin ta ce a daina ɗaukarta.

"Malama, yau na zaga fili ban huta ba. Duba!"

Malama ta duba. Abin bai taka kara ya karya ba, ko rabin na sauran yara bai kai ba. Amma ya fi na jiya.

"Sannu, 'yata. Hammatar da sandar ke goga fa?"

"Ta yi kanta, ta daina zafi."

Suka bi titi a hankali, sanda na ƙwanƙwasa kwalta. A kwanar masu gyaran babur shagon telar yake. Keken yana ta sukuwa, na'urorin suna reto a ƙasa kamar 'ya'yan kaɗanya, yaran ajin Lissafi kuwa suna zaune a benci suna lasar ƙanƙara.

Malama ta tsaya. Waya tana hannunta. Hoto ɗaya ya isa: gobe leshin nan zai jiƙe da hawaye a gaban kowa. Daɗin tunanin ya ratsa ta har tafin ƙafa. Sai ta tuna sharaɗin ƙungiyar, wanda ita da bakinta ta karanta wa malamai: makarantar da aka kama da maguɗi, a kwashe na'urorinta duka. Har da wanda ke ƙugun Auta.

"Malama, me ya sa aka ɗaure nasu a can?"

"Ƙafafunsu ne suka gaji. Mu je."

Ta jefa wayar cikin jaka da ƙarfin da ya sa Auta ta waiga.

Washegari baƙi suka zo, aka yi tafi, aka kira Malamar Lissafi gaba, aka ce da ita uwar shiri. Malamar Lafiya ta tsaya a bayan layin ajinta, kanta a sama, ba ta tafa ba, ba ta kuma tona zancen keken ɗinkin ba.

Kwas ya tafi. Shirin da ta haifa ya koma hannun wata, ƙawar kwaleji ta daina amsa gaisuwarta, Hedimasta ya mayar da ita tsaron ƙofar masu makara. Kishin ne kaɗai bai bar ta ba. Shi ya raka ta gida, su uku da Auta, suna tafe a hankali.